Harajin Kwanan Baƙi a Tsibirai: Tambayoyi da Amsoshi ga Matafiyan Katsina da Daura

A da, wanda ya shigo ofishinmu na shirya tafiye-tafiye a cikin birnin Katsina, ɗaya daga cikin abubuwa uku ke kawo shi: Umara, ko sarin kaya a Dubai da Sin, ko ganin likita a Masar da Indiya. Yanzu an samu ƙari, domin akwai ango da amarya masu son zuwa Zanzibar, da ɗan kasuwar da abokin hulɗarsa ya gayyata tsibiran Maldives da ke tekun Indiya, da ɗalibin da ke karatu a Turai yana son kai iyayensa su ga teku. Da yawa daga cikinsu sukan dawo da ƙorafi iri ɗaya, wato an karɓi wani kuɗi a hannunsu a otal bayan sun biya komai tun daga gida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakinsu, kuma na amsa su ta fuska biyu: aljihun matafiyi, da rayuwar mutanen da aka je garinsu.

1. Mene ne harajin kwana?

Kuɗi ne da hukuma ke ɗora wa baƙo a kan kowane dare da ya kwana a masaukin haya, ko otal ne, ko gidan saukar baƙi, ko gidan da aka kama ta shafin intanet na Airbnb. Ba na mai otal ba ne. Shi dai yana karɓa ne a madadin hukuma, ya rubuta a littafinsa, sannan ya miƙa mata a lokacin da doka ta ƙayyade. Wasu ƙasashe suna yanka adadi tsayayye a kan kowane mutum, wasu a kan kowane ɗaki, wasu kuma suna cire kaso daga cikin ɗari na kuɗin ɗakin. Sunansa ma yakan bambanta: a wani wuri a ce harajin muhalli, a wani wuri harajin gina ƙasa, a wani kuma kuɗin jure sauyin yanayi.

2. Na biya kuɗin otal tun daga Katsina. Don me za a sake neman wani kuɗi a wurina?

Saboda a wurare da yawa ba a haɗa wannan haraji cikin kuɗin da ake biya ta intanet, sai baƙo ya iso ake karɓa, ko ranar shiga ko ranar fita. Ba na mantawa da wani dattijo da muka shirya wa tafiya Zanzibar shi da iyalinsa. Bayan sallar isha'i ya kira ni, muryarsa tana rawa don ɓacin rai, ya ce: "Ɗana, ashe haka za ka yi mini? Ga ni tsaye gaban yarinyar nan, ta ce sai na ƙara dala hamsin kafin ta ba ni makulli." Na ce masa: "Allah ya huci zuciyarka, Baba Alhaji, laifina ne da ban faɗa maka ba tun a nan. Kuɗin gwamnatinsu ne, ka biya, amma ka ce ta ba ka rasit." Ba dala hamsin ɗin ce ta dame shi ba, mutum ne da ya fi ƙarfin wannan. Abin da ya ƙona masa rai shi ne zaton an raina masa hankali a gaban iyalinsa. Tun daga ranar ba na sallamar kowa ba tare da na rubuta masa harajin a jikin takardar tafiyarsa ba. Matakan kauce wa irin wannan suna cikin amsa ta 15.

3. Nawa ake biya?

Ya danganta da tsibirin da kuma darajar masaukin. A tsibiran Baleyar na ƙasar Sifaniya, wato Mayorka da Menorka da Ibiza da Formentera, jadawalin da aka kafa a 2018 ya ɗora Yuro 1 zuwa 4 a kan kowane mutum kowane dare daga Mayu zuwa Oktoba. A sauran watanni ana biyan rubu'in wannan, daga dare na 9 ana rage rabi, yaran da ba su kai shekara 16 ba kuma ba sa biya. Ke nan miji da mata da suka yi dare 7 a otal mai tauraro huɗu, a kan Yuro 3, za su biya Yuro 42 kafin a ɗora harajin VAT.

A Maldives an fara harajin muhalli a Nuwamba 2015 a kan dala 6, aka ninka shi zuwa dala 12 daga 1 ga Janairu 2025 a manyan wuraren shaƙatawa, ƙananan gidajen baƙi kuma dala 6. A Zanzibar ya kai dala 5 kowane dare a manyan otal-otal a 2023, ban da inshorar dole ta dala 44 da aka fara karɓa daga baƙi a Oktoba 2024, wadda ita daban take. Cape Verde, maƙwabciyarmu a ECOWAS da ke cikin teku yamma da Senegal, ta fara da kimanin Yuro 2 a 2013, kuma ba ta ƙirga abin da ya wuce dare 10. Malta ta fara da rabin Yuro a 2016. Girka kuwa a kan ɗaki take ɗorawa, kuma a 2025 ya kai Yuro 15 a otal mai tauraro biyar lokacin cunkoso. Waɗannan adadi suna sauyawa da kasafin kuɗin kowace shekara, don haka a tabbatar kafin a tashi.

4. Me ya sa tsibirai suka fi matsawa a kan wannan haraji?

Mu da muke zaune a tudu, inda mota za ta tashi daga Kano ta iso Katsina da kaya cikin sa'o'i kaɗan, yana da wuya mu gane yadda teku ke ƙuntata wa gari. Tsibiri ba shi da maƙwabcin da zai ara wa ruwa, ba shi da dajin da zai kai bola, kuma kusan duk abin da za a ci ko a yi gini da shi sai jirgi ya kawo. Tsibiran Baleyar suna da mazauna kimanin miliyan 1.2, amma a 2023 sun karɓi baƙi fiye da miliyan 17. Maldives, wadda mutanenta ba su wuce rabin miliyan da ɗoriya ba, ta haura baƙi miliyan 2 a 2024. Famfo da asibiti da motar kwashe shara da aka tanada don 'yan gari, su ne dai za su ɗauki wannan taron.

Ruwa ne babbar matsala. Ƙananan tsibirai da yawa ba su da kogi, suna dogaro ne da ɗan ruwan daɗi da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa a saman ruwan gishiri. Idan aka yawaita zuƙo shi da injin, sai ruwan teku ya kutso, rijiyoyi su koma gishiri, kuma kafin su farfaɗo sai an ɗauki shekaru. Babban otal yana iya sayen injin da ke tace gishiri daga ruwan teku, matar da ke bayan katangarsa ba za ta iya ba. Na ga wannan da idona a arewacin Unguja, babban tsibirin Zanzibar: a cikin katanga ana ba wa ciyawa ruwa da safe, a wajenta kuma mata sun jera jarkoki masu ruwan ɗorawa suna jiran famfo ya kawo, layin da duk wanda ya taɓa jiran ɗan ga-ruwa a Katsina cikin watan Afrilu zai gane shi nan take.

Sai bola. Maldives ta rasa inda za ta zuba shararta har ta cike wani tafkin teku kusa da babban birninta Male a 1992, aka samu tsibirin Thilafushi, wanda ya shafe shekaru yana hayaƙi. Baƙon da ya yi mako guda ya tafi ya bar robobin ruwansa a can, kuma wani ne zai biya kuɗin jirgin da zai kwashe su. Harajin kwana ƙoƙari ne na sa wanda ya jawo ɗawainiyar ya ɗauki wani ɓangare nata.

5. Shin ba rashin karamci ba ne a karɓi haraji a hannun baƙo?

Wannan tambaya ta fi fitowa daga bakin dattawa, kuma ina girmama ta, domin Katsina da karamci aka san ta, an kuma tarbiyyantar da mu a kan cewa liyafar baƙo kwana uku ce. Sai dai akwai bambanci tsakanin baƙon da ya yi sallama a zaurenka da wanda ya kama ɗaki da kuɗinsa. Na farko haƙƙinsa a kanka yake, na biyu kuwa ciniki ya shiga, kuma kakanninmu sun san wannan bambanci. Fataken da suka sauka wurin fatoma ba kyauta suke zama ba, yana samun la'adarsa a kan cinikinsu, kuma babu wanda ya kira shi marowaci. Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓar da ke sauka a tsibirai yanzu ba ta bushewa da hantsi, wata na tafiya wata na sauka, shekara ta zagayo. Ni dai ban ga aibu ba idan mutumin da ya iya sayen tikitin jirgi zuwa Zanzibar ya bar dala biyar domin rijiyar garin, matuƙar rijiyar ce za ta samu. Wannan sharaɗi shi ne batun amsa ta 6.

6. Ina kuɗin suke zuwa?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce matafiya suka fi jinkirin yi. Kuɗin yakan bi ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ko dai ya shiga baitulmalin gwamnatin tsakiya ya gauraya da sauran kuɗaɗe, ko ya shiga wani asusu na musamman da doka ta faɗi abin da za a yi da shi, ko kuma a bar wa ƙaramar hukumar tsibirin da aka karɓa. Adadin harajin zai iya zama iri ɗaya a wurare biyu, amma abin da ɗan gari zai gani ya bambanta ƙwarai gwargwadon hanyar da aka bi.

Girka ta ɗauki hanya ta farko. Bayan gobarar dajin tsibirin Rhodes a Yuli 2023 da ambaliyar da ta biyo baya a yankin Thessaly, ta mayar da tsohon harajin kwananta kuɗin jure sauyin yanayi daga 2024, ana tara shi domin ƙasa baki ɗaya. Akwai hujja a nan, tunda bala'i ba ya zaɓen gari, amma ɗan Santorini, tsibirin da mazaunansa ba su wuce dubu 15 da ɗoriya ba, yana da ikon tambayar nawa ne ya dawo musu daga abin da aka karɓa a ɗakunan garinsu. Baleyar ta bi hanya ta biyu: dokar 2016 ta lissafa abubuwan da za a kashe kuɗin a kansu, kamar ruwa da muhalli da gyaran wuraren tarihi da horar da ma'aikata, ta kafa kwamitin da ya haɗa da majalisun tsibiran da ƙungiyoyin ƙwadago da masu otal da masu kare muhalli, ana kuma wallafa jerin ayyukan a intanet. Maldives ma ta buɗe asusu na musamman a 2019, wanda ake ɗaukar nauyin ayyukan ruwan sha da magudanan bahaya daga cikinsa a tsibiran da talakawa ke zaune. Cape Verde kuwa ta ware kaso ga ƙananan hukumomi.

Mu a nan ba baƙin wannan magana ba ne. Iyayenmu sun biya haraji da jangali shekara da shekaru, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar jihar Kaduna a 1979, lokacin Katsina da Daura suna cikinta. Abin da ya sa talakawa suka yi murna ba nauyin kuɗin kaɗai ba ne, har da cewa suna ganin fitarsa ba sa ganin dawowarsa. Ɗan tsibiri ma haka yake auna harajin kwana, ko da ba daga aljihunsa ya fita ba.

7. Ta yaya za a gane ko mutanen tsibiri suna amfana?

Ba a gane wannan daga kyawun filin jirgi ko titin da ya nufi otal. A leƙa unguwar da masu wanki da masu dafa abinci da direbobin otal suke kwana. Idan famfonsu yana kawo ruwa, ana kwashe musu shara, ɗakin shan maganinsu yana da ma'aikaci, to kuɗin yana isa inda ya kamata. Alama ta biyu ita ce ko hukuma tana bayyana abin da ta tara da abin da ta kashe, aiki bayan aiki, yadda ɗan jarida ko malamin makaranta zai iya bin sawu. Haɗarin da ya fi yawa ba sata ba ce kai tsaye. Shi ne a ɗauki kuɗin a yi tallar tsibirin a ƙasashen waje, a jawo ƙarin baƙi, ɗawainiyar da aka ce za a rage ta ƙaru.

8. Harajin yana korar baƙi?

Masu otal kullum haka suke faɗa kafin a kafa shi, amma abin da ya faru a wurare da yawa bai goyi bayansu ba. Baleyar ta fara karɓa a Yuli 2016, ta ninka a 2018, baƙi kuma suka ci gaba da ƙaruwa, in ban da shekarun korona. Dalilin a fili yake: wanda ya kashe ɗaruruwan Yuro a tikiti da ɗaki ba zai fasa tafiya don Yuro 3 ba.

Akwai dai tarihin da ya kamata a sani. Baleyar ta taɓa gwada irin wannan haraji a 2002, a daidai lokacin da tafiye-tafiye suka ja baya bayan harin 11 ga Satumba 2001, tattalin arzikin Jamus, inda baƙinsu da yawa ke fitowa, shi ma yana tangal-tangal. Masu otal suka ɗora wa harajin laifin raguwar baƙi, gwamnatin da ta kawo shi ta faɗi zaɓe a 2003, wadda ta gaje ta kuma ta soke shi. Sai bayan shekara 13 aka dawo da shi. Wannan gaskiyar tana da ɗaya fuskar da masu goyon bayan harajin ba su cika son ji ba: idan bai kori baƙi ba, to ba zai rage cunkoso ba. Shi ya sa dubban mutane suka fito zanga-zanga a Palma, babban birnin Mayorka, a 2024, shekara takwas bayan an fara karɓarsa.

9. Ɗan tsibiri ma yana biya idan ya kwana a otal?

A wasu wurare an keɓe shi, kamar Maldives da Seychelles. A wasu kuwa doka ba ta duba katin shaida, gado kawai take ƙirgawa, kuma a nan ne harajin da aka yi don baƙo yake komawa kan ɗan gida. Sikotland ta ba da misali mai kyau. Dokarta ta 2024 ta ba kowace ƙaramar hukuma ikon ɗora harajin kwana, birnin Edinburgh kuma ya yanke kashi 5 cikin ɗari daga Yuli 2026. Amma majalisun tsibiran Orkney da Shetland da Tsibiran Yamma sun duba lamarin a 2025 suka ja da baya.

Ɗaya daga cikin abubuwan da mutanen can suka yi ta faɗa shi ne, mutumin ƙaramin tsibiri ba don nishaɗi yake kwana a masauki ba. Yana da ganin likita da safe a Kirkwall ko Lerwick, manyan garuruwan Orkney da Shetland, jirgin ruwan garinsu kuma ba zai iso da shi a kan lokaci ba, ko iska ta tashi an soke jirgin komawa, dole ya nemi ɗaki. Haka mai gyaran wuta da aka kira daga nesa, da ma'aikaciyar jinya da aka turo ta rufe gurbi. A ƙaddara matar da ta taso daga wani ƙauye na Baure ko Zango ta kawo ɗanta asibiti a Katsina, dare ya yi mata, sannan a ce ta biya kuɗin yawon buɗe ido. Duk dokar da ba ta raba wannan mata da ɗan yawon shaƙatawa ba, an yi ta da gaggawa.

10. Wanda ya zo ya koma a rana ɗaya fa?

Ba ya biyan harajin kwana, kuma wannan babban giɓi ne. Manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa sukan sauke dubban mutane da safe, su cika tituna da banɗakuna, su koma jirgi su ci abincin dare su kwana a ciki. Orkney, mai mutane kimanin dubu 22, takan karɓi irin waɗannan fasinjoji wajen dubu 200 a shekara, dokar 2024 kuma ba ta taɓa su ba. Sai ya zama baƙon da ya zauna mako guda, ya ci a gidan abincin gari, ya hau motar ɗan gari, shi ake caja, wanda ya bar shara kawai ya wuce salin-alin. Don toshe wannan ne Girka ta fara karɓar Yuro 20 a kan kowane fasinjan jirgi da ya sauka Santorini ko Mykonos lokacin cunkoso daga 2025, Baleyar kuma ta sa jiragen cikin jadawalinta. Wasu sun zaɓi kuɗin shiga sau ɗaya: Bali ta Indunusiya tana karɓar rupiya dubu 150 tun 14 ga Fabrairu 2024, ƙasar Palau da ke tekun Pasifik dala 100 a cikin tikitin jirgi tun 2018, Galapagos ta ƙasar Ecuador kuma ta ɗaga nata daga dala 100 zuwa 200 a Agusta 2024.

11. Yaya abin yake ga masu ƙananan masaukai?

Su ne suka fi jin nauyinsa, ta hanya biyu. Ta farko, adadi tsayayye ya fi danne ɗaki mai araha: dala 6 a kan ɗakin dala 40 ba ɗaya ba ne da dala 12 a kan ɗakin dala 800. Ta biyu, babban otal yana da akawu da kwamfuta, amma uwar gidan da ta gyara ɗakuna huɗu a gidanta ita ce mai shara, ita ce mai girki, ita ce kuma za ta zauna da dare tana cike takardun hukuma. Wannan yana da muhimmanci, domin ƙananan masaukan su ne na 'yan gari. A Maldives, daga buɗe wurin shaƙatawa na farko a 1972, an daɗe ana killace baƙi a tsibiran da ba kowa, sai a 2009 aka ba da damar buɗe gidajen baƙi a cikin garuruwa, tsibirai irin su Maafushi suka fara ganin kuɗin baƙi kai tsaye. Rage musu harajin zuwa rabi hanya ce ta kare wannan ƙofar da ta buɗe.

12. Harajin yana rage tsadar gidan haya ga 'yan gari?

Da kansa, a'a. Mai gida da ya ga zai samu a mako guda daga baƙo abin da ɗan haya zai ba shi a wata, ba Yuro biyu ne za su sauya masa ra'ayi ba. A Ibiza an kai ga ma'aikatan otal suna kwana a cikin motoci da tantuna lokacin bazara saboda haya ta fi ƙarfin albashinsu. Abin da harajin zai iya yi shi ne ya biya masu binciken gidajen da ake ba wa baƙi ba da rajista ba, waɗanda ba sa karɓar harajin ma balle su miƙa, ko ya taimaka wajen gina gidaje masu rahusa. Iyakance yawan gadajen baƙi kuwa aikin wata doka ce daban.

13. Akwai haɗari idan tsibiri ya dogara da wannan kuɗi?

Akwai, kuma korona ta nuna shi. Maldives ta rufe iyakokinta a Maris 2020, ba ta buɗe ba sai tsakiyar Yuli, tattalin arzikinta ya faɗi da kimanin kashi ɗaya cikin uku a wannan shekara. Harajin kwana yana tsayawa cak ranar da jirage suka daina sauka, alhali albashi da man injin ruwa ba sa tsayawa. Don haka ya fi dacewa a zuba shi a ayyukan da ake ginawa su daɗe, ko a ajiye wani abu don ranar wuya. Hawai ta Amurka ta yi tunani a kan wannan fuska bayan gobarar da ta cinye garin Lahaina a tsibirin Maui a Agusta 2023, inda mutane kimanin 100 suka rasu: a 2025 ta amince da ɗaga harajin masaukinta daga kashi 10.25 zuwa 11 cikin ɗari daga Janairu 2026, domin ayyukan kare gaɓar teku da rigakafin gobara. Ɗaya haɗarin kuma ya fi ɓoyuwa, wato hukumar da ta saba da kuɗin baƙi takan daina son jin maganar rage yawansu, kamar yadda aka taɓo a amsa ta 7.

14. Ana yin irinsa a Najeriya? Zai dace da Katsina ko Daura?

Jihar Legas tana karɓar kashi 5 cikin ɗari a kan kuɗin otal da gidajen abinci bisa dokarta ta 2009, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2013 cewa sha'anin tsara otal-otal na jihohi ne. Wannan ban da VAT na tarayya, wanda ya koma kashi 7.5 a 2020. Sai dai harajin ciniki ne na gama-gari, ba a ɗaure shi da wani aiki na musamman ba.

Mu ba mu da teku, amma duk wanda ya ga Daura ranar Hawan Magajiya ko lokacin Sallar Gani, ko Katsina ranar Hawan Bariki, ya san yadda gari ke cika ya batse cikin kwana biyu, ɗakuna su ƙare, kuɗin jarkar ruwa ya tashi. Duk da haka ba na ganin lokacin harajin kwana ya yi a nan. Yawancin baƙinmu a gidajen 'yan uwa suke sauka, waɗanda ke otal kuma galibi ma'aikata ne da 'yan kasuwa da masu jinya, irin mutanen da amsa ta 9 ta yi magana a kansu. Matsalarmu ƙarancin baƙi ce. Idan har wata rana za a yi, ina fatan a fara da rubuta inda kuɗin za su tafi, a ambaci rijiyar Kusugu da hasumiyar Gobarau da kaburburan Durɓi Takusheyi da sunansu, a riƙa liƙa lissafin shekara inda kowa zai karanta, kuma a keɓe mai jinya.

15. Me zan yi kafin na tashi, da kuma idan na isa?

A tambayi wanda ya shirya tafiyar ko harajin yana cikin kuɗin da aka biya, kuma a nemi ya rubuta amsar. A tambaya ko a kan mutum ne ko a kan ɗaki, domin ga mai tafiya da iyali bambancin ba kaɗan ba ne, a kuma faɗi shekarun yara, tunda wurare da yawa suna keɓe su. Katin banki na Najeriya ba ko'ina yake aiki ba, saboda haka a riƙe ƙananan takardun dala ko Yuro masu tsabta, domin wasu wurare a gabashin Afirka ba sa karɓar tsohuwar dala ko wadda ta yage. Kuɗin shiga irin na Bali da inshorar Zanzibar a biya su ta shafin hukuma kaɗai, domin akwai shafukan bogi masu kama da shi.

Idan an isa, a biya a wurin karɓar baƙi na masaukin, kada a miƙa wa wani a bakin titi ko a bakin teku. A nemi rasit da ya nuna harajin a layinsa daban, da yawan darare da yawan mutane. Rasit ɗin yana kare matafiyi daga biya sau biyu ranar fita, kuma shi ne ke tilasta wa mai masauki ya shigar da kwanan a littafin da hukuma za ta duba. Idan ya ce zai rage kuɗin in an yafe rasit, a ƙi.